Rigar Nutso

Zuwaira tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa aka shigo aka faɗa mata ruwan baraji ya ci Mutari. Ƙanenta ne, autan uwarsu Hawa'u, saurayin da gemu bai gama fito masa ba. Ya kai shanun noma shan ruwa da hantsi, ɗaya ya zame a gangare, shi kuwa ya naɗe igiya a hannu ya ƙi saki. San ya yi iyonsa ya fita can wani gefe yana kaɗa kunnuwa. Mutari bai fito ba.

Ta bar wa kaji garin, ta miƙa 'yarta Ladi ga maƙwabciya, ta fita ko takalmi ba ta sa ba.

Daminar tamanin da takwas ce, wadda bayan shekarun fari sama ta buɗe gaba ɗaya. Ruwan barajin da aka datse a kwarin da ke gabas da Tsarnawa ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin bakin kwari da shingayensu na ƙaya da itatuwan bagaruwa, duk suna nan tsaye a ƙarƙashi, ba a dai ganinsu. Mutanen Dabagin Arzika kuwa manoman gero ne tun kaka da kakanni. Ruwan da suka sani shi ne na rijiya da na randa. An wayi gari an kawo musu wani makeken ruwa ƙofar gida, ba wanda ya koya musu abin da ake yi da shi, in ban da tsayawa a baki ana ba da shawara. Wannan kam sun iya, ba sai an koya musu ba.

Mutum ɗaya ne ya san ruwa a duk yankin, shi ne Tanimun, mijin Zuwaira. Basarke ne, masunci daga ƙasar Kabi, ya biyo kifi ya zo lokacin da aka datse kwarin, ya ga Zuwaira ya fasa komawa. Shi ake kira in ƙofar baraji ta toshe, ko dabba ta faɗa rijiya. Aikinsa kuwa hanya ɗaya gare shi. Zai tuɓe riga da wando da hula, ya ɗaura warki, wani ɗan guntun fata da ba ya rufe komai sai abin da ya zama dole, ya shafe jikinsa da man gyaɗa daga wuya har idon sawu don ƙaya ta zame ta wuce. Ya sha gaya wa Zuwaira cewa a ƙarƙashin ruwa tufa abokiyar gaba ce. Zare guda in ya kama ƙaya ya isa ya riƙe ƙato har ransa ya fita.

Tana gudu tana kuka, amma a ranta ta san abu ɗaya, kafin ta isa mijinta ya riga ya shiga. Sai ta tarar da shi tsaye bayan wata amalanken jaki, da rigarsa da wandonsa, hula a ka, jakar aikinsa rataye a kafaɗa ko buɗe ta bai yi ba. Gari duka yana bakin ruwa, ba wanda ke kallonsa kai tsaye, ba kuma wanda bai san shi ake jira ba. Ta bi idonsa ta ga dalili.

Wurin gangaren duwatsu ne dama da hagu, ba inda mutum zai sa ƙafa. Wani ɗan harshen ƙasa ne kaɗai ya shiga cikin ruwan, ta nan shanu ke sauka. A can ƙarshensa Hawa'u take zaune, ƙafafunta har suna taɓa ruwa, takalman robar Mutari a cinyarta. Ba ta kuka. Ta kafa wa ruwan ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Wanda bai san tarihin mutanen nan biyu ba zai ce to mene ne a ciki. Lokacin da Tanimun ya aiko neman Zuwaira, Hawa'u ta faɗa a gaban mata a bakin rijiya cewa ita ba ta ba da 'yarta ga mutumin da ke yawo tsirara bakin ruwa. Magana kuwa ba ta kwana bakin rijiya, ta iske shi. Aure dai ya yiwu, amma tun daga nan Tanimun ya ɗauki kunyar surukarsa ya mai da ita sana'a ta biyu. Tun daga nesa yake cire takalmi in ya hango ta. Gaisuwa a durƙushe, fuska a karkace. Bai taɓa sa loma a baki ba a inda za ta iya gani, kuma ko ana zafin da ƙuda ke neman inuwa, sai ya zura babbar riga in zai shiga gidanta. Har ta kai ita Hawa'un ce ke zagaya gari tana cewa duk Dabagi ba mai suruki irin nata. Ta so shi so na gaskiya, shi ma ya san ta so shi, kuma a ganinsa rigar nan ce ta sama masa wannan matsayi.

Zuwaira ta matsa kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Mi kaka jira?"

"Ba ki ga inda Inna taz zamna ba?"

"Na gani. Shiga da rigarka, in ruwa ya kai ma wuya ka tuɓe can ciki ka jeho min ita."

"Man hwa? Mai ba shi zama bisa jiƙaƙƙen jiki. Kuma ba nutso guda na ba, sai in shiga in hito in huta in koma. In Allah ya ba ni shi, nan gabanta za ni aza shi da hannuna. Ki ce in tsaya gaban Inna da warki?"

"Yau ba ranar kunya ta ba."

Ya hau murza igiyar jakar. Idanunsa sun yi ja, don shi ma Mutari ƙane yake a wurinsa, kullum yana gidansu yana cin kifi yana tsokanar Ladi.

"Ta taɓa hwaɗin wata magana bisa kaina," ya ce. "Ba ni son ranar da ɗanta yam mutu ta zan ranar da za ta ga gaskiya tah hwaɗi."

Daga nan ya ƙara rage murya, ya gaya mata abin da ke cin ransa. Da ya iso ya taɓa ruwan. Ruwan damina ne da ya sha rana, ɗumi gare shi kamar wanda aka sirka don wanka, irin wannan ba ya ajiye gawa. Ƙaya ta riƙe yaron a ƙasa, ba zai taso don kansa da wuri ba. In ya kwana a ciki, ga ɗumi ga tarwaɗa, ba za a iya yi masa wanka da sutura irin na mutane ba. Ko dai a fito da shi yau kafin rana ta faɗi, ko kuwa abin da za a fito da shi daga baya kada uwa ta gani.

Ba wai mutane ba su yi ƙoƙari ba. Sun yi, irin nasu. Liman ya je ya tsuguna gefen Hawa'u ya yi mata nasiha, ya ce ta koma gida mata su kewaye ta, haka aka saba. Ba ta ko waiwaye shi ba. Ƙawayenta suka ce rana ta yi zafi, ta zo inuwar amalanke ta sha ruwa.

"Nan yash shiga, nan za shi hitowa," ta ce. "Ni ka tarbar ɗana."

Wasu mata biyu masu dabara suka ware zane suka riƙe tsakaninta da ruwan, wai suna yi mata inuwa. Ta fizge zanen da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi.

"Kak ku tare min ruwa!"

An gaya mata rana, an gaya mata gajiya, an gaya mata al'ada da haƙuri. Dalili ɗaya ne zai iya ɗaga ta daga wurin, kowa ya san shi, shi ne kuma ba wanda ya iya furtawa. Hawa'u ba mahaukaciya ba ce, mace ce mai lura, wadda a wata rana ita za ta fara tashi ta ba surukinta wuri tun ba a ce komai ba. Amma yau ba ta ganin kowa a duniya sai wannan ruwan.

Zuwaira ta je wurin Mato, ƙanen marigayi ubansu, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Ta durƙusa.

"Baba, ku gaya mata gaskiya. Ku ce mata don ita na bai shiga ba."

Mato ya kau da fuska kamar ta watsa masa ruwan barkono.

"In ce mata mi? In ce ma matar wana, ɗanta na cikin ruwa, ta tashi surukinta na son shi tuɓe? Da wane baki, ɗiyata? Ke ma bai kamata ki hwaɗi wagga magana gabana ba."

Ta tashi. Ita ma ɗin ta san ba za ta iya ba. Tunda aka yi aurenta ba ta taɓa ambaton mijinta a gaban uwarta ba, ko da a ce ya gaishe ki ne, sai ta aiki yaro. Yanzu a ce ta je gaban gari duka ta yi wa Inna zancen jikin mijinta. Ta ji haushin uwarta ya taso mata, ta kuma ji kunyar jin haushin, ga tsohuwa zaune da takalman ɗanta a cinya.

Ana cikin haka, bayan azahar, sai ga Jibo mai gadin baraji ya gangaro da wani baƙin abu saɓe a kafaɗa. Jibo ya taɓa zama a birnin Yamai yana saurayi, bai kuma yarda kowa ya manta ba. Ya shimfiɗa abin a kan amalanke yana haki. Riga ce da wando a haɗe, ta roba, baƙa ƙirin, mai kauri kamar fatar sa, da zif tun daga ƙugu har wuya. Wani Nasara ne da ya zo duba ƙofar baraji da sanyi, shekarun baya, ya shiga ruwa da ita da wasu kwalaben iska a baya. Kwalaben ya tafi da su, rigar ya bar ta a mangaza, ɗakin ajiyar kaya, tana nan rataye tun lokacin.

"Kwambinezo sunanta," in ji Jibo. "Don ruwa anka yi ta, ba don komi ba. Ku duba, ko zare guda babu. Daga wuya hal ƙahwa ba a ganin komi."

Sai ka ji ajiyar zuciya ta bi taron. Dattawa suka hau gyaɗa kai, ana Allah ya yi wa Jibo albarka. Ga sutura, ga aikin ruwa, ba wanda zai faɗi maganar da ba ta faɗuwa. Tanimun ya shafa robar, ya ja ta, ya sansana. Bai taɓa shiga ruwa da irinta ba. Amma sumul take, ba saƙa ba ce, kuma waɗanda suka iya datse kwari guda ai ba za su ɗinka rigar ruwa a banza ba.

"Wagga don sanyi anka yi ta," ya ce a hankali. "Amma bari mu gani."

Abin da Zuwaira ba ta taɓa yafe wa kanta ba shi ne ita ma ta yi murna. Har cikin ranta ta gode wa Allah. Ita ce ta riƙe masa zane a bayan amalanke ya tuɓe, ta karɓi rigarsa da hularsa ta naɗe ta rungume. Ita ta taya shi cusa ƙafafu da hannaye cikin robar da ta bushe ta ƙi miƙuwa, ita ta diga man gyaɗa a zif ɗin da ya yi tsatsa, ta ja shi har wuya. Kafin su gama gumi ya fara zubo masa ta hannun rigar. Numfashinsa ya yi gajere don ta matse masa ƙirji.

Ya taka harshen ƙasar nan yana tafiya kamar wanda aka ɗaure wa gwiwoyi. Da ya zo daidai surukarsa ya yi ƙoƙari ya durƙusa, robar tana ƙara.

"Inna, sannu da haƙuri."

Hawa'u ta ɗan juyo da kai, ba ta ma lura da abin da ke jikinsa ba.

"Uban Ladi, ka zo? Allah shi yi ma albarka. Ɗauko min shi."

Ya yi bisimilla ya shiga. Ya yi iyo zuwa inda aka nuna masa, ya ja numfashi, ya kifa kai. Ƙafafunsa suka yi sama suna harbin iska, sai ga shi ya dawo kan ruwa. Ya sake, ya sake dawowa. Rigar ta ƙi nutsewa, duk yadda ya danna sai ta cillo shi sama kamar goran da aka toshe wa baki. Dariya ta kuɓuce wa wani saurayi a cikin taron, aka kai masa mari. Tanimun, wanda yake shiga ruwa ko motsi ba a ji, yau ga shi yana fafutuka a gaban mutanen da ba su iya ko wanka a tafki ba.

Jibo ya dafe kai. Ya tuna Nasaran yana ɗaura wata ɗamara mai nauyi a ƙugu, ta dalma. An daɗe da yayyanka dalmar an yi wa taru nauyi.

Nan fa masu shawara suka samu abin yi. A ɗaura masa dutse. A'a, a cika masa buhu da yashi. A ɗaura masa doguwar igiya a riƙe daga baki. Tanimun ya fito ya zauna a kan tsakuwa nesa kaɗan da Hawa'u, fuskarsa ta yi fari fat, yana numfashi da baki. Doguwar igiya ya ce a'a, ita ce za ta fara sarƙewa a rassan bagaruwa. Dutse kuwa da a hannu zai riƙe ya saki in ya so, amma lalube zai yi cikin duhun laka, hannu biyu yake bukata.

Zuwaira tana kallonsa ya dubi jakarsa da ke kan amalanke, inda warki da kwalbar mai suke. Ya dubi bayan surukarsa. Ya ɗaga kai ya dubi rana da ta karkata. Ya daɗe a haka, har ta sa rai.

"Ku miƙo min dutsin can," ya ce.

Aka kawo dutse mai faɗi da guntuwar igiyar kaba ta guga. Shi da kansa ya ɗaure dutsen, ya zagaya igiyar a ƙugunsa, ya yi ɗaurin zarge wanda ja ɗaya ke kwance shi. Ya gwada a gaban kowa, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Maza suka ce madalla. Maza ba sa jan ruwa a rijiya. Zuwaira kuwa kullum da igiyar kaba take wuni, ta san yadda take kumbura in ta sha ruwa, ƙullin da ka yi da yatsa biyu da safe ya koma sai da haƙori ko wuƙa. Ta manta da mutane ta je ta tsuguna kusa da shi.

"Kaba ta. In ta jiƙa ba ta kwantuwa."

"Kahin ta sha ruwa na hito."

"Robag ga kuma ba ta da santsi kamar mai. Ƙaya na shiga cikinta."

"Na sani."

"To kak ka shiga. Don Allah, don Annabi. Bari in gaya mata."

Ya dube ta, irin duban da bai taɓa yi mata a gaban mutane ba.

"In kina iyawa da kin yi tun ɗazu," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, tausayinta ma yake ji. "Bar tsohuwa da abin da ad damunta. Ga rana na tahiya."

Ya miƙe, ya tallafe dutsen da hannu biyu a mararsa, ya nufi ruwa.

Tsoro ya kama Zuwaira, wanda ya fi na safe. Na safe an riga an gama, wannan kuwa a gabanta ake yin sa, da hannunta a ciki. Ta bi bayansa a kan harshen ƙasar, rigarsa da hularsa a ƙirjinta. Ya wuce Hawa'u, ruwa ya kai masa gwiwa. Ita kuma ta zube gaban uwarta.

"Inna."

Hawa'u ba ta ɗauke ido daga ruwan ba.

"Inna, ki ji ni."

"Matsa, kin tare min."

Ta ji idon Baba Mato a bayanta, da na liman, da na matan gari. Ta buɗe baki za ta ce rana ta yi zafi, ta ji kanta tana shirin faɗin abin da kowa ya faɗa. Ta waiwaya, ruwa ya kai wa mijinta ƙugu. Sai ta runtse ido ta faɗa da ƙarfi, yadda har na kan gangare suka ji.

"Inna, don ke na bai tuɓe ba! Ba shi iya nutso sai da warki, kuma ba shi iya sa warki gabanki. Dutsi yaɗ ɗaura ma cikinai don kunyarki. Tashi, Inna, kak ruwan ga shi ci min miji!"

Wata tsohuwa ta ce subhanallahi, Mato ya sunkuyar da kai.

Hawa'u ta ɗauke idonta daga inda ta kafe shi tun hantsi. Ta dubi 'yarta, ta dubi rigar da ke hannunta, ta dubi baƙin bayan mutumin da ke cikin ruwa. A fuskarta aka ga lokacin da ta gane.

"Wayyo ni," ta ce. "Tun sahe? Ba wanda ya gaya min?"

Ba ta jira amsa ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ƙafafunta sun sage don zama, ta yi tangaɗi ta tsaya. Ta ja mayafinta ta rufe kai har fuska, ta juya wa ruwan baya. Matar da liman bai ɗaga ba, rana ba ta ɗaga ba, ta kama hanya tana hawa gangare da takalman ɗanta a hannu, mutane suna darewa suna ba ta hanya. Ta ce ita za ta tarbi ɗanta, ga shi ta bar wa wasu, ba ta ko waiwaya ba.

Zuwaira ta juya da sauri.

"Hito! Ta tashi! Hito ka tuɓe!"

Ba kowa a kan ruwan. Wani zobe ne kawai yake faɗaɗa daga inda ƙasa ta yanke ta faɗa zurfi. Ko ya ji maganarta kafin ya nutse, ko bai ji ba, ba wanda zai iya cewa.

Ta san tsawon numfashinsa, ta sha zama a baki tana jiransa. Yakan daɗe har baƙo ya fara salati, sannan ya ɓullo yana feso ruwa. Ta jira wannan tsawon. Ta ƙara jira, ta ce wa kanta yau ya fi daɗewa don yana ɗauke da kaya. Can sai kumfa ta taso a wuri guda, da yawa, ruwan ya ɗan motsa daga ƙasa kamar ana girgiza reshe. Wasu busassun ganyen bagaruwa suka taso suna juyawa, daga nan komai ya kwanta.

"Tanimun!"

Ba ta taɓa kiran sunan nan ba tunda aka kai ta ɗakinsa. Ta kira shi ta sake kira har muryarta ta dushe, ta faɗa ruwan har ƙirji, mata suka kamo ta suka jawo. Maza suka rikice. Aka kawo gora ana zungura, ba ta ko taɓa ƙasa ba. Mato, tsoho da shi, ya kutsa cikin ruwa da babbar rigarsa yana kuka, sai da samari suka riƙe shi. Jibo ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu biyu a ka. Aka ce a tura mai keke Ƙwanni neman taimako, aka ce a aika Kabi a kira 'yan'uwan Tanimun. Kowa yana magana, ba wanda ya iya shiga, mai shigar yana ƙasa.

Zuwaira ta zame ta zauna a daidai inda uwarta ta wuni, wurin har yanzu da ɗumin zamanta. Ba ta saki rigar ba, ta jiƙe sharkaf a hannunta.

Can saman gangare Hawa'u tana tsaye ita kaɗai, mayafi a fuska, bayanta ga ruwa. Ta ji hayaniya da koke-koke, ta ɗauka an fito da Mutari ne. Ta so ta juya, amma ta riƙe kanta, surukinta yana can ba sutura, ta kuma ba shi wuya da yawa yau. Da hayaniyar ta lafa, muryarta ta gangaro, kowa ya ji.

"Zuwaira! Ya hito da shi?"

Ta sake ɗaga murya.

"Zuwaira, ɗiyata, miƙa ma uban Ladi rigatai shi sa, in samu in juyo."